Sharaɗin da Mamanku Ta Kafa a Kan Hanyar Jiwa

Ina tsugune a ƙofar shago ina ɗaura wa wani sabon babur madubi lokacin da wayata ta yi ƙara. Ranar Talata ce, bayan la'asar, an yi ruwa da safe kuma ƙasa ba ta gama shanyewa ba. Na ga sunan yayanku Bashir a fuskar wayar, na ɗauka da niyyar yi masa faɗa, domin gwajin babur bai wuce a zagaya a dawo ba, shi da mai gwajin kuwa sun fi awa guda da fita. Sai na ji muryar mace, da irin Hausar mutanen ƙauyukan nan.

"Kai ne baba na mai waya?"

Na ce ni ne.

"Yaro ya faɗi da mashin. Mun ɗauke shi, yana gida na Baba Danjuma a Jiwa. Ka zo da mota. Baba ya ce ka zo da mota."

Na ajiye sifana a kan kujerar babur ɗin, na bar shagon a buɗe, na tsaya bakin titi ina ɗaga wa duk motar da ta zo wucewa hannu. Wanda ya san Idu a wannan lokaci na yini ya san manyan motoci ne ke fitowa daga ɗakunan ajiyar kaya, ba mai tsaya maka. Kafin in sami mai tasi da ya yarda ya shiga hanyar Jiwa cikin taɓo, kafin mu lallaɓa mu isa, rana ta yi ƙasa. Na tarar da mutane tsaye a ƙofar wani gida mai bishiyar mangwaro. Wani dattijo gajere ya fito ya kama hannuwana biyu. Shi ne Baba Danjuma, maɗorin garin. Ya ce ƙafar da ta karye aikinsa ce, da ita kaɗai ce da ya gyara, amma tun da ya taɓa cikin yaron ya gane jini na zuba ta ciki, shi ya sa ya ce a nemo mota. Ya nuna mini ƙofar ɗakin ya ce in shiga. Ban shiga ba. A ƙarƙashin mangwaron na tsaya har aka fito mini da shi a lulluɓe.

Aminu da Zainab, kuna ƙanana a lokacin. Abin da kuka riƙe na wannan shekara shi ne mun bar gidan Garki, an canza muku makaranta, shago ya koma sayar da babura na hannu. Na sha jin abin da kuke faɗa, ko da ba a gabana ba, cewa taurin kaina ne ya jawo, wai na kafa wa masu saye sharaɗin da ba dilan da ke yin irinsa a duk Abuja. Ban taɓa musa muku ba, domin mamanku ta roƙe ni kada in sa sunanta a ciki. Yanzu ta rasu, Allah ya jiƙanta. Aminu ne ke riƙe da makullin shagon, kuma ya fara tambayata ko lokacin janye sharaɗin bai yi ba. Don haka zan faɗa muku yadda aka yi.

A lokacin ni dila ne na wani kamfanin babura, sababbi ake kawo mini a cikin kwali, mu haɗa. Ƙa'idar shagon ita ce ba mai hawa babur shi kaɗai ya gwada, sai wani daga cikinmu ya zauna a bayansa. Yawanci ni ke zama. Ranar sai ga wani matashi mai suna Nasiru, ma'aikacin wani ofis a Garki, yana son babban babur ɗin da muke da shi guda ɗaya. Gwiwata na ciwo tun safe. Bashir ya gama karatunsa yana jiran aiki, yana taya ni zama, ya ce, "Baba, zauna, bari in raka oga." Hular kwano ɗaya ce a shagon, aka ba mai tuƙi. Daga baya na ji cewa Nasiru ya ce titin Idu ya cika da manyan motoci, yana son fili ya ji ƙarfin injin, sai ya karya ya ɗauki hanyar Jiwa. A wata kwana kusa da gonakin doya taya ta zame. Shi Nasiru ya karye a kafaɗa, 'yan'uwansa suka kwashe shi zuwa asibiti. Har aka yi sadakar arba'in bai zo gaisuwa ba, bai aiko ba.

Washegarin arba'in mamanku ta yafa mayafi ta ce in kai ta inda ya cika. Na ce me za ta gani a can. Ta ce ba gani za ta yi ba, tambaya za ta yi. Muka je. Ni na tsaya a ƙarƙashin mangwaro, ita ta shiga. Ta daɗe ƙwarai. Da ta fito ba ta yi kuka ba, ta zauna a kan tushen bishiyar, ta gaya mini abin da ta tarar, a hankali, kamar mai tsoron kada wani abu ya zube.

Ɗaki ne dogo, tabarmi jere, maza kwance, kusan dukkansu 'yan acaɓa, ƙafafu da hannuwa ɗaure da sandunan gora. Wani ya yi wata biyu, wani uku. Danginsu suna nesa, wasu Katsina, wasu Binuwai, wasu ma ba su san halin da ake ciki ba. Baba Danjuma ke ciyar da su daga gonarsa, in rumbu ya yi ƙasa a ci sau ɗaya a yini. Waɗannan mutane ne suka zauna da Bashir awar ƙarshe. Wani Kirista da ke kusa da ƙofa ya zare matashin kansa ya sa masa. Da ya ga numfashin ya canza sai ya ɗaga murya ya ce, "Ku Musulmi, wa ya iya abin da ake faɗa? Lokaci ya yi fa." A can ƙarshen ɗakin akwai wani mai suna Sale, an ɗora masa cinya kwana goma da suka wuce, an ce ko juyi kada ya yi. Baba Danjuma ya fita duba ko mota ta zo. Sale ya sauko daga tabarmarsa, ya ja jiki da gwiwar hannu tun daga wancan bango har wannan, ya sa bakinsa a kunnen Bashir yana maimaita masa kalmar shahada har ya karɓa. Ɗorin ya goce. Sai da aka sake karya ƙashin aka sake ɗorawa, kuma Baba ya ce ƙafar za ta warke amma ba za ta kai 'yar'uwarta tsawo ba.

"Malam," in ji mamanku, "mutumin nan bai san mu ba. Ya ba da ƙafarsa don yaron nan ya cika da kalma. Kuma na tambaye shi, yau ko karin kumallo bai yi ba."

Na yi shekaru ina sayar da babura, ban taɓa tambayar kaina ina waɗanda suka faɗi suke zuwa ba.

Ta fara dafa musu abinci duk Juma'a. Bayan 'yan makonni, wata safiya ina sa takalmi zan fita shago, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Har yanzu ana gwajin?"

Na ce ba a sayar da babur sai an gwada.

"To ina da sharaɗi. Duk wanda zai hau ya gwada, ya zo da sadaka. Ba kuɗi a akwati ba. Abin da za a ci ko a yi wanka da shi. Ya ɗaura a babur ɗin, ya tuƙa da kansa zuwa Jiwa, ya shiga ɗakin nan ya miƙa da hannunsa. In ya fito yana son saye, ka sayar masa."

Na ce mata mutane za su gudu, ga dilalai birjik da ke barin mutum ya hau kyauta.

"Su gudu," in ji ta. "Ni dai kada wani ya sake murɗa totur da wani ɗan mutane a bayansa bai ga ɗakin nan ba."

Haka muka fara. Na sayi hular kwano ta biyu, na rubuta sharaɗin a allo na rataye. Mafi yawa suna karantawa su yi dariya su wuce. Wani mai babban ciki ya ce mini, "Oga, babur na zo saya, ba zakka na zo fitarwa ba." Wani ya ce in faɗi nawa ne kawai ya bayar a wuce wurin, na ce ba a karɓa, sai an je. Amma akwai masu yarda, wasu don hanyar ta fi kowace hanya nuna lafiyar babur, ga rami ga taɓo ga hawa. Mutum ya zo da mudun shinkafa, ko doya uku, ko sabulu. Akwai wani Bafulatani, Jauro, da ke kiwo a bayan Jiwa, ya zo da ƙwaryar kindirmo cike taf, ya miƙo mini ya ce in riƙe a baya.

"In ya zube, babur ɗinka ba shi da kyau," in ji shi.

Na ce in ya zube dai tuƙinka ne ba shi da kyau.

"To mu je, nonon zai raba mu."

Rabin nonon a rigata ya ƙare, muna isa yana cewa laifin babur ne, ina cewa nasa ne. Ya shiga da sauran yana dariya. Da ya fito dariyar ta tafi. Ya sayi babur ɗin, kuma har ya bar yankin matarsa ba ta daina kai nono gidan ba.

Abin da na riƙa gani ke nan, kuma har yau ban gama mamakinsa ba. Ni ke zaune a baya, don haka bayan mutum nake ji. A tafiya za ka ji shi a miƙe, yana wasa da giya, yana neman inda zai buɗe wuta. A dawowa mutumin nan ɗaya, babur ɗin ɗaya, hanyar ɗaya, amma sai ka ji kafaɗunsa sun sauko, yana rage gudu tun kafin kwana, yana tsayawa awaki su wuce. Ba wanda ya yi masa wa'azi. Baba Danjuma ba ya cewa komai sai godiya. Marasa lafiyar ma tsokana suke yi, ina jiyo su ta taga: "Sabon angon babur, ga tabarma nan mun ajiye maka kusa da bango." A yi dariya. Amma kusan duk wanda ya dawo ya saya, sai ya tambayi hular kwano kafin in yi masa tayi.

Ciniki kuwa ya faɗi. Manajan kamfanin ya zo da kansa, mutumin kirki ne, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce masu saye suna kai ƙara, kuma babur da aka kai Jiwa aka dawo ba ya sayuwa a matsayin sabo. Ya ce in cire allon kafin ƙarshen damina ko su ba wani dilancin. A nan ne zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa ba. Ban cire allon ba, amma na juya shi ya kalli bango. Mako biyu ina barin mutane suna zagaya Idu su dawo kamar da. In na koma gida mamanku ta tambaya, in ce yau mutum biyu sun je, yau uku.

Na manta ita ke wanke mini kaya. Hanyar Jiwa da damina jar laka ce, duk wanda ya zauna a bayan babur sai ta fantsalo masa ƙafar wando har gwiwa. Wata Asabar da hantsi ta shigo da wandunana a hannu, ta shimfiɗa su a kan gado ɗaya bayan ɗaya. Duk fes suke.

"Malam, ina lakar?"

Na fara kawo mata maganar kamfani, da gidan haya, da makarantarku. Ta saurara har na gama.

Kun san yayanku ɗan fari ne, mamanku ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tun yana jariri "Babba" take cewa, ko "yaron nan". Ranar ta dube ni ta ce:

"Bashir ya yi awa guda a ɗakin nan, ba ni ba kai. Waɗanda suka tsaya mana su ne kake cewa sun ci abinci alhali ba su ci ba."

Shekara ashirin da huɗu ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ranar Litinin na juyo da allon. Ƙarshen damina kamfani ya karɓe dilancin, muka koma sayen babura na hannu muna gyarawa, muka bar Garki muka dawo nan kusa da shago. To kun ji. Ba taurin kaina ba ne. Ni ne ma na karaya, ita ta tsaya. Ba kuma zan ce muku abin bai cutar da ku ba. Zainab ta yi wata guda tana kukan ƙawayenta, kuma na san makarantar da aka mayar da ku ba ta kai ta farko ba. Mun san haka muka yi, mu biyu, ba mu kuma tambaye ku ba.

Da damina ta zagayo, wata ranar Alhamis da safe, wata mota ta tsaya a ƙofar shagon. Mai ita ya fito ya buɗe but ɗin bayanta ya sauke buhun shinkafa, ya tsaya kansa a ƙasa. Ya rame, sai da ya yi sallama na gane Nasiru ne. Akwai sifana a hannuna. Na lura da yadda na riƙe ta, sai na ajiye ta a ƙasa.

"Baba, ban zo neman yafiya ba, ban isa ba. Na ji labarin sharaɗin. Tun ranar ban sake hawa babur ba. Ina so in kai wannan."

Na ce ga motarsa nan, hanya ba a rufe take ba.

"Allon ya ce a kan babur, Baba."

Na shiga ciki na kira mamanku a waya. Na gaya mata wanda ya zo da abin da yake so, na kuma ce ta san ƙa'ida, wani sai ya zauna a bayansa, kuma ba kowa a shagon sai ni. Sai ta tambaye ni:

"Da muka rubuta, mun ce ban da wane?"

Na ce a'a.

"To ka sa hularka."

Muka ɗaure buhun a kan kariya, ƙarfen ɗaukar kaya na bayan babur, wurin zama ya matse, dole ƙirjina ya haɗu da bayansa. Nan Bashir ya zauna, a bayan wannan mutum, a kan wannan hanya. Tun daga Idu bayan nasa ke rawa. Ya yi ta tafiya a giya ɗaya, a hankali har matan da ke ɗauke da itace a kafaɗa suna tafiya daidai da mu suna kallonmu. Da muka doshi kwanar gonakin doya sai na ji kan babur ɗin ya fara kaɗawa, hannunsa ya kasa riƙewa. Da mun faɗi. Ban yi shawara da zuciyata ba, na dai ga hannuwana sun kama kafaɗunsa biyu, har da wadda ta karye, na ji bakina yana cewa, "Riƙe sosai, ɗana. Dubi gaba, kada ka dubi ƙasa." Muka wuce. Na yi shekara ina tsara abin da zan gaya wa mutumin nan in na gan shi, kuma ba wannan ba ne. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ikon Allah ne kawai.

Ya saɓi buhun ya shiga. Ranar Sale yana gidan, ya zo gaida Baba Danjuma, yana ɗingisa ƙafarsa gajera. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba. Bayan kamar awa ɗaya Nasiru ya fito idonsa jajir, Baba Danjuma na biye da shi. Na ji yana tambayar Baba me ya rasa ranar, me da an samu da an tsira. Baba ya ce rai na Allah ne, amma shi abin da ya nema bai samu ba mota ce. Nasiru ya rubuta masa lambarsa a bangon zaure da gawayi, ya ce duk lokacin da aka kawo wanda aikinsa na asibiti ne, a kira shi. Bai sayi babur ba, ni na tuƙo mu muka dawo. Amma an yi ta kiransa, kuma yana zuwa, daga ofis ko daga gida. Baba ya rasu, ɗansa ya gaji ɗorin, an shafe zauren da siminti, aka sake rubuta lambar da fenti. Ranar jana'izar mamanku, mutumin da kuka ga ya tsaya can baya shi da wani mai ɗingishi, kuka tambaye ni su wane ne na ce abokan ciniki ne, su ne.

Aminu, ban rubuta wannan don in ɗaure maka hannu ba. Shagon naka ne yanzu, kana da iyali, kuma na fi kowa sanin abin da allon nan yake ci. In ka cire shi ba zan yi fushi ba. Abu ɗaya nake roƙo: kafin ka yanke, ka sayi mudun wani abu, ka hau, ka kai da hannunka.

Na san za ka iya ce mini ni fa. Gaskiya ne. Na raka mutane ba adadi zuwa ƙofar nan, na tura su ciki, ni kuwa a kan tushen mangwaro nake zama har su fito. Mamanku ta sani, ba ta taɓa matsa mini ba sai a ciwonta na ƙarshe. Ta ce, "Malam, ka shiga ko sau ɗaya. Ba abin tsoro a ciki, mutane ne kawai." Na ce mata in sha Allahu.

Shekara uku ke nan da rasuwarta. Na je Jiwa makon jiya da sabulu, na miƙa wa ɗan Baba a bakin ƙofa. Har yau ban shiga ɗakin ba.